Bugu Biyu a Kan Ƙwarya

Litinin, 1 ga Yuli, ƙarfe 4 na yamma

Madam Senami ce ta ba ni wannan kaye, littafin rubutu mai shuɗin bango, irin na 'yan lakkwal, wato ɗaliban makaranta. Ita ce mai gashin ƙashi da asibiti ya haɗa mu da ita saboda hannun Hajiya. 'Yar Porto-Novo ce, Hausarta ta kasuwa ce kawai. Ta ce ban da aikin ƙashi tana tara tsofaffi da naƙasassu duk Laraba a unguwar Titirou, tana yi musu magani da kiɗa da waƙa. Ta ce in riƙa rubuta rana da lokaci, da abin da Hajiya ta ji, da abin da ta yi bayan ta ji, ko da yatsa ne ta motsa. Ta ce in rubuta da Faransanci don ta iya karantawa. Na ce to. Ga shi ina rubutawa da Hausa. Abin da ya kamata ta sani zan faɗa mata da baki.

Hajiya ita ce ta haife ni. Shekara uku ke nan da ciwon mantuwa ya kama ta, biyu daga ciki a nan gidana na unguwar Ladjifarani a Parakou, a ɗakin da ke bayan shagon ɗinkina. Da farko makulli take nema yana hannunta. Daga baya ta fara yin azahar sau uku. Matar da ta yi shekara talatin tana fataucin goro tsakanin Parakou da Djougou, yau sai an nuna mata hanyar banɗaki.

Amma tana magana. Har Asabar ɗin can tana magana, har ma ta yi yawa. Yau kwana tara ba ta ce uffan ba. Hannunta na hagu yana cikin farin ɗaurin asibiti. Na gaya wa kowa santsi ne ya kwashe ta a dakalin ƙofar ɗakinta, kuma gaskiya ne an yi ruwa ran nan.

Laraba, 3 ga Yuli, ƙarfe 1 na rana

Mun je Titirou. Ɗakin taro ne na wata ƙungiya, da kujerun roba da fanka ɗaya mai kuka. Mutum goma sha biyu na ƙirga. Akwai Malam Saley, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, wanda shanyewar ɓarin jiki ta ɗauke masa magana. Ba ya iya cewa a ba shi ruwa, amma da aka ɗauko waƙar zamaninsu sai ga shi yana rerawa tun daga kai har ƙarshe, matarsa tana share masa yawu tana dariya. Akwai wata makauniya, Kadidjatou, mai kaɗa ƙwarya a cikin baho na ruwa. Ni da na tafi ina cewa a raina wasan yara ne, na zauna na kama bakina.

Hajiya ta zauna inda na ajiye ta. Madam ta sa mata karatun Alƙur'ani a waya, leɓenta ya ɗan motsa, murya ba ta fito ba. Ta gwada waƙar Dendi, ta gwada ta biki. Ba komai.

Sai Madam ta juyo ta tambaye ni, da Faransanci, wace waƙa Maman, wato Hajiya, take yi mini ina ƙarama. Na ce ban sani ba. Ta yi murmushi, ta ce kowa yana da guda ɗaya, in yi tunani. Na ce, "Madam, ba ita ta raine ni ba." Na faɗa da ƙarfin da bai kamata ba, har Kadidjatou ta tsayar da kiɗa.

Ta yaya zan yi wa 'yar Porto-Novo bayani a gaban mutane? Ni ce 'yar fari. A gidajenmu uwa tana jin kunyar ɗanta na fari, ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa, ba ta kallonsa ido cikin ido. Ana yaye ni aka kai ni Djougou wurin Gwaggo Maimouna, ƙanwar babanmu, can na girma har aure. Shekarata arba'in da bakwai, ban taɓa jin Habsa a bakin Hajiya ba. In dole ta kama sai ta ce "ta Zugu", don tsofaffinmu Zugu suke ce wa Djougou. Ni ma ban taɓa ce mata Iya ba. Wannan na ƙannena ne.

Alhamis, 4 ga Yuli, ƙarfe 7 na safe

Na sake wanke dakalin. Ba abin da ke kansa.

Asabar, 6 ga Yuli, bayan la'asar

Djibril ƙanena ya zo daga unguwar Ganou da ayaba da madara. Ya durƙusa ya ce, "Iya, ina wuni." Ta ɗora hannun dama a kansa. Ba ta yi magana ba, amma ta ɗora. Ni da nake wanke ta safe da yamma, in na shigo sai ta juya wa bango fuska.

A waje ya ce, "Yaya, wai gidan kiɗa kike kai ta? Tsohuwa, Hajiya guda?" Na ce in yana da malamin da zai buɗe mata baki ya kawo shi, ƙofa a buɗe take. Ya dubi dakalin ya ce, "Amma wannan ɗan tudun ne ya karya mata hannu?" Na ce ƙashin tsoho ne. Na shiga shago na taka keken ɗinki ba zare a jiki, don dai ƙarar ta rufe.

Bari in rubuta zancen likita, ko ya daina bina. Ranar Juma'a kafin faɗuwar muka kai ta awo. Likitan yaro ne mai ladabi, ba ɗan nan ba. Ya tambaye ta wace rana ce, ba ta sani ba. Ya nuna Djibril, ta ce, "Djibril ne mana." Ya nuna ni. Ta sunkuyar da kai ta dubi ƙafar tebur. Ya sake nunawa, ta ƙara juyawa. Ya rubuta, ya ce a hankali cewa ba ta ƙara gane ɗiyarta ba. Djibril ya yi dariya ya ce ai kunya ce, dokta, haka muke.

Ni ban yi dariya ba. Domin ciwon nan ya riga ya cinye kunyar Hajiya kaf. Tana cire ɗankwali a gaban baƙi. Tana cin abinci a gaban surukinta. Sunan babanmu, wanda ba ta taɓa furtawa ba yana raye ko bayan ransa, yanzu tana kiransa daga tsakar gida, Aboubacar, Aboubacar, kamar mai kiran ɗan aike. To in duk wannan ya zube, me ya hana nawa fitowa? Amsa ɗaya na samu a hanyar gida: babu shi ne a ciki. Ba ta san ni ba. Da wannan na kwana, da shi na tashi ranar Asabar.

Laraba, 10 ga Yuli, ƙarfe 2 na rana

Mun koma Titirou.

Madam ta sa aka matso da bahon Kadidjatou gaban Hajiya, ta ɗauki hannunta na dama ta ɗora a bayan ƙwaryar, ta koma gefe. Ta ce kowa ya yi shiru. Mun fi minti goma a haka, fanka tana kuka. Ni har na fara neman takalmina. Sai zoben azurfar Hajiya ya taɓa ƙwaryar. Ya sake taɓawa. Wani kiɗa ne mai tafiyar hawainiya, Kadidjatou ta karkata kai tana saurare, sannan ta shiga a hankali daga ƙasa.

Muryar ta fito a shaƙe, kwana goma sha takwas ba a yi amfani da ita ba:

Hanyar Zugu da nisa,
goro a kai, hadari a baya.
Wa na bari a Zugu?
Na bar...

A nan ta rufe baki, zoben ya buga sau biyu, ƙwas, ƙwas, sannan ta ci gaba:

...tana barci,
mai ɗaki, rufe mata ƙafa.

Baiti na biyu ya zo da wa ta goya a baya, Djibril ta goya a baya, ya cika ta da kuka. Sunansa ya fito sarai. Ta koma na farko har sau huɗu, kuma duk sau huɗun a wuri ɗaya take rufe baki, zobe ya buga biyu.

Madam ta ɗauka a waya. Ta ce wannan babban abu ne, waƙa tana zama a wani ɗaki na ƙwaƙwalwa da ciwon bai cika saurin shiga ba. Ta ce kalma ɗaya ce ta faɗi daga ciki, ramin nan za mu cike. Ta tambaye ni ko na san wadda aka bari a Zugu. Na ce na sani.

Har a waƙar da ciwon bai taɓa ba, wurina ne kaɗai ya huje.

Alhamis, 11 ga Yuli, ƙarfe 11 na safe

Ruwa yana ɗiga daga kwanon rufi cikin bokiti, biyu-biyu. Na kawar da bokitin.

Lahadi, 14 ga Yuli, ƙarfe 5 na yamma

Sau uku yau na tashi na buɗe ƙofar shago don na ji an ƙwanƙwasa sau biyu. Ba kowa. Na ɗinka wa wata amarya hannun riga a baibai, na farke, na sake ɗinkawa a baibai. A gida Hajiya ba ta waƙa, ba ta magana. Na kifa mata ƙwarya a kan cinya, ta dube ta, ta dubi bango.

Laraba, 17 ga Yuli, ƙarfe 1 na rana

Madam ta cike ramin.

Da Hajiya ta kai "Na bar", kafin zobe ya sauka, Madam ta sunkuya ta rera mata a kunne da muryarta mai daɗi, "Hab-sa." Hajiya ta tsaya cak. Madam ta sake, tana nuna ni da hannu, "Habsa, Maman. Ga ta nan." Hajiya ta ture bahon da ƙafa, ruwa ya malale har ƙarƙashin keken da ake tura Malam Saley a kai. Ta ja mayafi ta rufe fuska duka. Haka muka ɗauko ta har gida.

Madam ta ba ni haƙuri, ta ce wani lokaci in an taɓa inda suka manta sukan ji tsoro. Na ce ba komai. Ban gaya mata cewa na taɓa ganin wannan fuskar ba, kafin mayafin ya rufe ta. Na gan ta ranar Asabar ɗin can, kusa ƙwarai.

Juma'a, 19 ga Yuli, bayan azahar

Ba ta ci ba jiya. Yau cokali uku na kunu, shi ma daga hannun matar Djibril.

Shatin yatsu a kafaɗa yana ɗaukar kwana nawa kafin ya ɓace a jikin tsoho? Nata ya yi kwana goma sha ɗaya. Ni kaɗai nake yi mata wanka, ni kaɗai na gani.

Lahadi, 21 ga Yuli, ƙarfe 6 na yamma, Djougou

Na bar ta da matar Djibril na hau motar safe. Na ce musu zan nemo sauran waƙar ne don Madam. Hanya duk kore, doya ta yi kunya-kunya har bakin kwalta, ni kuwa ina ta ƙirga ramuka.

Gwaggo Maimouna ta tsufa, ido ya yi hazo, amma bakin yana nan. Tana jin sallamata ta ce, "Habsatu, wa ya mutu?" Na ce ba kowa. Ta ce, "To zamna, muryarki ta mai zuwa gaisuwa ce."

Na kunna mata waƙar da Madam ta turo mini a waya. Tun daga bugun farko ta ajiye tazbaha. Da aka zo wurin ramin sai na ga yatsanta ya buga tabarma sau biyu, daidai da zoben, ba ta jira ba.

Na ce, "Gwaggo, kin san waƙar?"

Ta ce, "Ni ce mai ɗakin. Ni aka ce in rufe miki ƙafa." Ta ce duk ranar kasuwa in Hajiya ta kawo goro nan gidan take sauka. Ba ta shiga ɗakin da nake. Sai ta zauna a bayan katangar madafa ta kifa ƙwaryar awo, tana yi wa Gwaggo waƙa wai don gajiya. "Ke kina ciki kina barci, ko kina wasa da ƙasa. In kin fito ta juya baya ta kama ɗaurin kaya. In kin koma ta tambaye ni haƙora nawa."

Na ce, "A da tana faɗin sunan a wurin?"

Gwaggo ta dube ni kamar na yi saɓo. "Ta faɗi mi? Uwarki? Tun ran da ta ƙago waƙar haka take, biyu take bugawa. Ba abin da ya faɗi daga ciki, ɗiyata. Haka anka yi ta."

Na ce amma ta zubar da sauran kunyar, tana kiran sunan Baba a tsakar gida. Gwaggo ta ce, "To ta zubar da na miji, ta riƙe naki. Ke da kika yi lakkwal, wanne ya fi nauyi a nan?"

A nan na faɗa mata. Ban yi niyya ba. Na ce ranar Asabar ɗin can ina ba Hajiya koko a bakin ƙofa, ta kira matar maƙwabci da suna, ta kira akuya da suna, ni ta karɓi kofi tana kallon gefe. Na ajiye tire na kama kafaɗunta biyu na ce, wace ce ni? Na ce, faɗi sunana, sau ɗaya dai. Na ce ni nake kwashe kashinki. Na girgiza ta. Ta fizge ta ja baya, kuma babu ƙasa a bayanta. Sauran ba zan rubuta ba.

Gwaggo ba ta rarrashe ni ba. Ta ce, "Kin so ki tuɓe ta a tsakar gida, ita ko ta gwammace ta faɗi." Ta sa aka kawo mini tuwo, ta zauna a kaina sai da na cinye. Ta ce in koma gobe da sassafe, in roƙi gafara tun da sauran wadda za a roƙa.

Laraba, 24 ga Yuli, ƙarfe 3 na yamma

Kafin a fara na ja Madam gefe na yi mata bayani, da Faransancina na shago. Ta riƙe baki, ta ce ita ta zaci rami ne. Na ce ni da aka haifa a ciki ma haka na zata. Ta ce ba za ta ƙara saka komai a wurin ba.

An daɗe kafin Hajiya ta yarda da ƙwaryar. Kadidjatou ce ta jawo ta, ta riƙa buga kiɗan nan mai nawa ita kaɗai, ba ta gaji ba, har zoben ya shiga.

Ina zaune a damanta. Da ta kai "Na bar", ta juya fuska hagu, ƙwas, ƙwas. Wani abu ya ce mini in tashi. Na zagaya ta baya a hankali na zauna a hagunta. Waƙa ta zagayo, ta kai wurin, ta juya fuska dama. Na koma dama, ta juya hagu. Na je na tsaya a gabanta sosai, ta sunkuya ta dubi ruwan baho. Sau biyar na canza wuri, mace mai jika, ina zagaye tsohuwa a gaban mutane, sau biyar tana kauce mini daidai kan kalmar.

Ba a kauce wa wanda ba a sani ba. Ta san inda nake a ɗakin nan fiye da kowa. Na fita waje na jingina da bango na yi kukan da ban yi ba tun ranar Asabar, kuma na daɗi ne.

Alhamis, 25 ga Yuli, ƙarfe 8 na safe

Na shiga na same ta tana fuskantar bango, na durƙusa a bayanta. Na ce, "Hajiya, ki yafe mini abin da na yi miki a bakin ƙofa." Ban sani ba ko tana tuna ƙofar. Ba ta juyo ba, kuma ban so ta juyo ba.

Asabar, 27 ga Yuli, bayan azahar

Ta yi magana. Matar Djibril tana ba ta fura ina tsaye da tawul, sai ta ce mata, ba tare da ta dube ni ba, "A ce wa ta Zugu ta ci abinci, ta rame." Matar Djibril ta juyo da dariya ta ce, "Yaya, an ce ki ci abinci." Na ce a gaya mata na ji. Na ci kwano biyu.

Alhamis, 1 ga Agusta, ƙarfe 5 na yamma

Gari ya cika da ganguna da jiniya na bikin ranar 'yancin ƙasa, mu kuma muna namu a tsakar gida. Yanzu tana waƙar a gida in na kifa mata ƙwarya. Djibril ya zo ya ji sunansa a ciki, ya ce shi bai taɓa cika kowa da kuka ba, ƙarya aka yi masa. Wanda ya ce kada a kai ta gidan kiɗa, yau shi ne mai tafi.

Ina jiran bugu biyun nan kamar mai jiran sallama. Wani lokaci ina sane nake wucewa ta gabanta da tsintsiya, don kawai in ga ta kawar da kai.

Litinin, 5 ga Agusta, ƙarfe 10 na safe

Zazzaɓi. Tun Asabar. An sa wa Hajiya ruwa a asibiti, an kuma cire ɗaurin hannun tunda muna can. Hannun ya fito siriri, fari.

Alhamis, 8 ga Agusta, ƙarfe 4 na yamma

Mun dawo gida. Zazzaɓin ya sauka, amma ya tafi da wani abu. Djibril ya durƙusa ya ce, "Iya," ta ce masa, "Malam, lafiya?" Ya fita ya daɗe a cikin motarsa bai tayar ba.

Na kifa mata ƙwarya. Baiti na biyu babu shi, daga na farko sai ta koma na farko. Ta buga biyun. Ta kawar da kai, amma a makare, kamar sai da ta yi tunani.

Lahadi, 11 ga Agusta, ƙarfe 7 na safe

Ta buga. Ta kawar. Alhamdu lillahi.

Litinin, 12 ga Agusta, ƙarfe 7 na safe

Ta buga ɗaya.

Laraba, 14 ga Agusta, ƙarfe 2 na rana

Na so mu zauna a gida yau, Madam ta ce fitowa za ta yi mata amfani. Hajiya ta tashi da walwala, ta gaishe da mai taksi, ta gaishe da Malam Saley da matarsa, ta yaba zanen Kadidjatou. Kowa yana cewa ta samu sauƙi.

Aka matso da baho. Na zauna a damanta yadda na saba. Ta fara da murya mai kyau, wadda ta fi ta kullum. Hanyar Zugu da nisa, goro a kai, hadari a baya. Wa na bari a Zugu? Ta ɗago kai tana duba ɗakin, idonta ya bi fuskoki ɗaya bayan ɗaya, ya zo kaina, ya tsaya. Ban taɓa sanin idonta yana da ruwan ƙasa-ƙasa a gefe ba. Ta yi mini murmushi. Zoben yana kwance a kan ƙwaryar bai motsa ba.

Na bar Habsa tana barci.

Matar Malam Saley ta yi guɗa, ɗakin ya ɗauki tafi. Wani yana cewa ta faɗi sunan, ta tuna. Madam ce kaɗai ba ta tafa ba, ta dube ni ta ajiye wayarta. Kadidjatou ta riga ta buga biyun ita kaɗai, sai ta janye hannunta daga ruwan.

Hajiya ta yafito ni. Ta kama hannuna da hannayenta biyu, har da mai ciwon, tana shafawa. Ta ce, "Baiwar Allah, na ga kina da kirki. In hanya ta bi da ke Zugu, ki duba mini Habsa. Ɗiyata ce ta fari. Ƙarama ce, ba ta cin tuwo sai an lallashe ta."

Na ce, "To, Hajiya. Zan duba."

Shekara arba'in da bakwai ina son in ji yadda yake fita daga bakinta. Tana ɗan jan ƙarshensa. Da daɗi, wallahi da daɗi, ba wanda ya taɓa faɗinsa haka. Ta riƙe hannuna har gida tana yi mini hira, tana kallona ba ƙiftawa, ni kuma ina kallon titi.

Alhamis, 15 ga Agusta, ƙarfe 8 na safe

Na kai mata koko. Ta tashi zaune da fara'a ta ce, "Kin same ta?" Na ce na same ta, tana nan lafiya, ta girma. Ta ce Allah ya yi mini albarka. Ta sha kokon tas, ta miƙo mini kofin tana duban fuskata, sannan ta tambaye ni ɗiyar gidan wa ce ni.